Aikin da ke cin mai yin sa: kira ga shugabannin ma'aikatu da 'yan jarida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ku ba mu fili mu yi magana a kan wani haɗarin wurin aiki da ba a shigar da shi littafin haɗurra. Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, kowa ya san abin yi: a tsayar da injin, a rubuta rahoto, a nemo wanda ya cire murfin kariya. Amma idan ma'aikaci ya yanke jiki ya faɗi bayan shekaru yana aikin awa 12 a kullum, ko ya kashe kansa makonni kaɗan bayan an dakatar da shi, sai a ce ajali, a je ta'aziyya, a ɗauki wani a damƙa masa teburin da nauyin da mamacin ya bari. Ajali gaskiya ne, ba mu ja ba. Sai dai ajali yana da sanadi, kuma wani sanadin a jadawalin aiki ake rubuta shi, da hannun mutum, ana iya auna shi, ana iya gyara shi.

Mu fara da awoyi, domin su ne suka fi sauƙin ƙirgawa. A watan Mayun 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu saboda aikin awa 55 ko fiye a mako: 398,000 da shanyewar ɓarin jiki, 347,000 da ciwon zuciya. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, mai yin awa 55 yana da ƙarin kashi 35 cikin ɗari na haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin kashi 17 na mutuwa da ciwon zuciya. Kashi 72 cikin ɗari na mamatan maza ne. Kada mai karatu ya ɗauka awa 55 wani babban abu ne. Wanda yake fita aiki kwana shida a mako, daga takwas na safe zuwa shida na yamma, ya riga ya yi 60.

Ta hanya biyu illar take shiga. Jikin da ke cikin matsi kullum yana zuba sinadaran faɗa ko gudu a cikin jini ba hutawa, jini ya hau ya ƙi sauka har cikin barci, sukari da kitse su rikice. Ta ɗaya gefen kuma, mai dogon aiki barcinsa gajere ne, ba ya motsa jiki, yana ƙara taba da abubuwan hana barci, kuma ba shi da safiyar da zai je a auna jininsa. Abin da ya sa ba a ɗora wa aikin laifi shi ne jinkirin illar: yawancin waɗanda suka mutu suna tsakanin shekara 60 da 79 ne, bayan sun yi dogon aikin suna tsakanin 45 da 74. Kafin gawa ta fita, ma'aikatar ta manta da sunan mutumin.

Japan ta daɗe da gane wannan, har tana da ma'aunin da hukuma ke amfani da shi wajen biyan diyya: ƙarin lokaci na awa 100 a watan da ya gabaci mutuwa, ko matsakaicin awa 80 a wata cikin wata biyu zuwa shida. Awa 80 a wata na nufin kimanin ƙarin awa huɗu kowace ranar aiki. A 2014 suka yi dokar hana mutuwa saboda yawan aiki, daga 2019 kuma suka ƙayyade ƙarin lokaci a kan awa 45 a wata da 360 a shekara, sai da dalili na musamman. Inda irin wannan doka ke samun tangarɗa a ko'ina shi ne awoyin da ba a rubuta ba. Ma'aikaci ya sa hannu a rajista cewa ya tashi ƙarfe biyar, ya koma kan kujera har tara, ya isa gida oga yana binsa da saƙon waya. Saboda haka duk ma'aikatar da ke son gyara, ta fara rubuta lokacin shiga da fita na gaskiya tsawon wata uku ba tare da hukunta kowa ba, sannan ta fitar da sunayen waɗanda suka haura awa 48 a mako. Kusan kullum mutum kaɗan ne, kuma su ne waɗanda ba sa iya cewa a'a.

Ga masu aikin karɓa-karɓa, a bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da dawowa, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tanada, da cikakken yini guda na hutu a mako. Juyin ya riƙa tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi jure jinkirta barci a kan gaggauta shi. Kada a jera wa mutum dogon aikin dare fiye da biyu ko uku ba hutu. Gwaje-gwaje sun nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa ya yi ƙasa kamar na wanda ya sha giyar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Direba ne ko nas ko mai gadi, lissafin ɗaya ne.

Amma awoyi rabin labarin ne. A 1967 aka fara bin diddigin ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da aka sani da Whitehall, wanda Farfesa Michael Marmot ya shahara da shi. An zaci manyan jami'ai masu ɗauke da nauyin yanke shawara ne zuciya za ta fi kayarwa. Sai aka ga akasin haka: masinjoji da masu tsaron ƙofa suna mutuwa ninki uku na manyan, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, tun daga sama har ƙasa. Taba da hawan jini da ƙiba ba su bayyana ko rabin wannan tazara ba. Zagaye na biyu da aka fara a 1985 ya nuna rashin iko a kan aikinka yana da babban kaso: ba kai ke zaɓar abin da za ka fara da shi ba, ba kai ke cewa yaushe za ka huta ba, ba a tambayar ka ko da a kan abin da ka fi kowa sani. Aiki mai yawa tare da iko mutum yana jure shi. Aiki mai yawa babu iko, babu mai tallafa maka, shi ne mai karya mutum. Ƙara masa rashin sakamako, wato albashin da ba ya zuwa kan kari, ƙarin girman da aka ba wanda ka koya wa aiki, kwantiragin wata uku-uku da ba ka san ko za a sabunta ba, to ka haɗa duk abin da masana suka san yana jawo ciwon damuwa.

Sai wulaƙanci, wanda mutane da yawa ke ɗauka halin oga ne kawai. Kotun Faransa ta nuna ana iya mayar da shi tsarin kamfani. Kamfanin sadarwa na France Télécom ya so rage ma'aikata 22,000, kuma da yake yawancinsu ba sa koruwa cikin sauƙi, sai aka bi ta hanyar ƙuntata musu: sauyin wurin aiki ba shawara, sauke ƙwararren injiniya zuwa amsa waya, barin mutum a ofis ba aikin yi. A 2008 da 2009, ma'aikata 35 suka kashe kansu. A watan Disamban 2019 kotu ta samu kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin cin zarafin ma'aikata a matsayin manufa, ta ci kamfanin tarar yuro 75,000, ta yanke wa shugaban ɗaurin shekara guda da aka jingine wata takwas daga ciki. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma hukuncin ya kafa hujja. A shekarar 2019 ɗin ce kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Nan ne muke da saɓani da abin da ma'aikatu suka fi so su yi, wato gayyato mai lacca ya koya wa ma'aikata haƙuri da numfashi da tsara lokaci. A farkon 2024 wani masani a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a ma'aikatu 233 na Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Ɗaki na yoyo, ana raba wa mutane bokiti, rufin yana nan yadda yake. Horon da ya nuna amfani shi ne na shugabanni: a hukumar kashe gobara ta New South Wales a Ostareliya, horon awa huɗu kacal ga shugabannin sassa kan yadda za su gane alamu su kuma tuntuɓi ma'aikacin da ba shi da lafiya ya rage kwanakin jinya masu nasaba da aiki. Rundunar sojin saman Amurka ta ɗauki tsarin da ya haɗa kowa tun daga kwamandoji a 1996, kashe kai a cikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekarun da suka biyo baya.

Me shugaban sashe zai lura da shi? Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wurin aiki rajista ma tana magana. Mutum mai zuwa da wuri ya fara makara, mai tsafta ya daina kula da kansa, mai raha ya koma cin abinci shi kaɗai, kurakurai sun yawaita a hannun wanda bai saba yi ba, ciwon kai da ciwon baya sun ƙi ƙarewa, asibiti kuma ba ta ga komai ba. Akwai bambanci tsakanin abu biyu: ƙonewa da aiki, wato aiki ya cinye ƙarfin mutum, da kuma ciwon damuwa. Ta farko, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta na rabe-raben cututtuka a 2019 a matsayin matsalar wurin aiki, tana zuwa da gajiya da ƙin aikin da raguwar ƙwazo, kuma tana sassautawa idan an rage nauyi an ba da hutu. Ciwon damuwa yana bin mutum har gida: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum na aƙalla mako biyu, da rikicewar barci da ci, da ganin kai ba shi da amfani. Wannan hutu kaɗai ba ya warkar da shi. Likita kan auna shi da tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama ana buƙatar kulawa, tambaya ta tara kuma kai tsaye a kan tunanin mutuwa take.

Maganinsa yana aiki, ko na tattaunawa da ƙwararre ko na ƙwaya, amma ana yawan ɓata shi ta hanya uku. Ƙwayar ba ta nuna amfani sai bayan mako biyu zuwa huɗu, alhali tashin zuciya da jiri kan zo a makon farko, sai mutum ya ce ba ta karɓe shi ba ya ajiye. Wani kuma ya ji sauƙi a wata na biyu ya daina, alhali ƙa'ida a ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, a kuma janye a hankali. Na uku ya fi muni: mutum ya yi wa kansa magani da ƙwayar barci da dare, da tramadol ko makamancinta da safe don ya iya aiki. Wannan haɗin yana ƙara damuwar, yana rage taka-tsantsan, kuma a kansa ake yanke shawarar da ba ta da gyara.

Mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma mafi yawansu a shekarun aiki suke. Babu dalili guda da ke kai mutum nan, amma akwai lokutan da suka fi haɗari, kuma ma'aikata ce ke riƙe da kalandarsu: ranar dakatarwa, ranar kafa kwamitin bincike, ranar sallama, bayan rauni mai hana aiki, farkon ritaya. Wani bincike a ƙasashe 63 da aka buga a 2015 ya danganta kimanin kashe kai 45,000 a shekara da rashin aiki, ya kuma gano adadin kan fara hawa wata shida kafin yawan marasa aiki ya ƙaru a ƙasa, wato tun lokacin jita-jita. Saboda haka kada a miƙa takardar dakatarwa a ƙarshen ranar aiki ta ƙarshe a mako, mutum ya tafi ya kwana biyu da ita shi kaɗai. A faɗa masa a rubuce abin da ake tuhumarsa da shi, da ranar da binciken zai ƙare, da matsayin albashinsa. A naɗa wani da ba ya cikin kwamitin ya kira shi cikin kwana biyu, sannan duk mako. Binciken da aka bari ba wa'adi hukunci ne da kansa.

Wasu sana'o'in haɗarinsu yana cikin abin da ke hannunsu: manomi da maganin ƙwari, ma'aikacin lafiya da likitan dabbobi da kabad ɗin magani, jami'in tsaro da makami. Tsananin tunanin kashe kai sau da yawa gajere ne, mintuna ko awoyi, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Duk abin da ya sa tazara tsakanin mutum da abin cutarwa a waɗannan mintuna yana ceton rai. Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka 93,000 aka ceta, amfanin gona kuma bai ragu ba. A matakin ma'aikata: sito mai kulle, rajistar fitarwa da mayarwa, a ba mutum iya abin da aikin ranar ke buƙata, kuma a samar da hanyar da jami'i zai ajiye makaminsa na ɗan lokaci ba tare da an rubuta masa tabo a fayil ba. Idan ajiyewar za ta ci masa ƙarin girma, ba zai taɓa faɗa ba.

To idan ka ga alamun a abokin aikinka, musamman ya fara cewa ya zama kaya ga iyalinsa, ko yana rabar da abubuwansa, ko ya samu natsuwa kwatsam bayan dogon ƙunci? Ka ja shi gefe inda babu mai ji, ka faɗi abin da idonka ya gani: "Malam, na ga kwana biyu ba ka walwala, ka rame, jiya kuma ka ce gara ba ka nan." Sannan ka tambaya ba kwana-kwana: "Tunanin kashe kanka yana zuwa maka?" Bincike ya sha tabbatarwa cewa tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, ka tambayi ko ya tsara yadda zai yi, ko abin yana hannunsa, ko ya sa lokaci, ko ya taɓa gwadawa. Idan akwai tsari ko lokaci, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti goma, a nisanta shi da abin, a kai shi asibiti a ranar, a kira ɗan'uwan da shi ya zaɓa. Kada ka yi alkawarin rufe sirri, ka ce za ka gaya wa wanda zai taimaka ne kaɗai. Kada kuma ka buɗe da wa'azi. Ya san hukuncin, kunyar saninsa ce ma ta hana shi magana tun farko. Nasiha da addu'a suna da gurbinsu babba, tare da magani, bayan an tsare ran.

Kafin ku rabu, a rubuta a takarda ko a wayarsa: alamun da ke nuna masa abin ya taso, abin da zai yi ya ɗauke hankalinsa, wuraren da zai je cikin mutane, mutum biyu da zai kira da lambobinsu, asibitin da ke buɗe da dare, da wanda zai riƙe masa abin da zai iya cutar da kansa da shi. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti suna cikin mafi haɗari, kuma a nan ne kowa ke sakin jiki. Wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe biyar, da aka buga a 2008, ya ba waɗanda suka yi yunƙuri zaman bayani na awa guda da tuntuɓa sau tara cikin wata 18. Kashi 0.2 cikin ɗari daga cikinsu suka mutu ta kashe kai, alhali a waɗanda ba a bibiya ba kashi 2.2 ne. Kiran waya ne da ziyara, babu wata na'ura.

Dawowa aiki a yi ta mataki-mataki: rabin yini a mako biyun farko, ba aikin dare, ba ragowar aikin da ya taru tun tafiyarsa, da ganawar minti 15 duk mako da shugabansa. Sunan ciwon tsakaninsa da likita ne. Abin da ma'aikata ke buƙatar sani shi ne aikin da zai iya da wanda ba zai iya ba tukuna. Ranar da takardar likitan ƙwaƙwalwa ta zaga ofis, an rufe wa mutum goma na gaba ƙofar neman taimako.

Idan kuma an riga an yi rashin, a sanar da ma'aikata gaba da gaba bayan shawara da iyali, ba tare da bayanin hanya ba, a kula da makusantansa da wanda ya fara ganinsa, sannan a binciki awoyinsa da nauyinsa da abin da ya faru da shi a wata shidan ƙarshe, kamar yadda za a binciki inji.

Ƙarshe, Malam Edita, roƙonmu gare ku ne da abokan aikinku. Yadda ake ba da irin wannan labari yana ƙara ko rage mace-mace. A Viyana ta ƙasar Ostiriya, bayan jaridu sun karɓi ƙa'idojin rahoto a 1987, kashe kai a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu cikin 'yan watanni. Muna roƙon kada ku buga hanya ko sunan abin da aka yi amfani da shi, ko hoton wurin, ko wasiƙar da mamaci ya bari. Kada kanun labari ya rataya mutuwar a kan dalili guda, irin su bashi ko kora, domin mai karatu da ke cikin bashi ko aka kora zai ga kansa a ciki. Ku sa inda ake samun taimako a ƙasan kowane irin wannan rahoto. Idan kuma wakilinku ya je ma'aikatar da aka yi rashin, ya tambayi awa nawa mamacin yake yi a mako, wata nawa yake bin albashi, kuma wa ya kira shi bayan an miƙa masa takardar.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki